Mai sharar asibiti: ita ke kwasa, ita aka bari a duhu

Duk wanda ya taɓa kwanan jinya a asibitin gwamnati ya san matar nan da ke shigowa da sanyin safiya, kafin likitoci su fara zagaye, riƙe da tsintsiya da bokiti. Ita ke sunkuyawa ta jawo kwandon shara daga ƙarƙashin gado, inda ɓawon ayaba da ledar ruwa suka cakuɗe da auduga mai jini da robar ƙarin ruwa, wani lokaci har da allura tsirara. Sau da yawa da silifas take aikin, safar hannunta kuwa siririyar nan ce da likita ke sawa don duba majiyyaci, wadda ba ta tare tsinin allura. Duk asibitin babu wanda ya kai ta taɓa shara, amma idan an tashi taron bita ba a cika tunawa da ita ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin ɗari na sharar asibiti ba ta da bambanci da ta gida: takardu, kwalaye, ragowar abinci. Kashi 15 ne kawai mai haɗari. Sai dai da zarar an jefa bandeji mai ruɓa ɗaya cikin kwandon takardu, kwandon gaba ɗaya ya zama abin gudu. Shi ya sa ake raba shara tun a bakin gado, a hannun wanda ya yi aikin: baƙar leda don sharar yau da kullum, mai ruwan ɗorawa don abin da ya taɓa jini ko ruwan jiki, akwatin kwali mai kauri kuma don allurai da reza da fasassun kwalabe. Nas da likita sun karanta wannan a makaranta. Matsalar ita ce ranar da marasa lafiya suka yi yawa, leda mai launi ta ƙare a sito, sai kowa ya jefa inda hannunsa ya kai, ya bar wa mai kwasa.

Allura ce babbar masifa. Idan wadda aka yi wa mai ciwon hanta nau'in B ta soki mutum, yiwuwar ya kamu tana kai wa kashi 30 cikin ɗari; ta ƙanjamau kuwa kashi 0.3 ce. Abin mamaki, ƙanjamau kowa ke tsoro, alhali ciwon hantar da ya fi saurin kamawa yana da allurar rigakafi sau uku kacal. Tambayi masu shara da leburorin asibitin garinku ko an yi musu. Yawancin sukan da ake samu kuma daga ƙananan halaye suke zuwa: mayar wa allura murfinta da hannu biyu bayan an gama, ko danna akwatin allurai da tafin hannu don a samu wuri, bayan ƙa'ida ta ce a rufe shi da zarar ya cika kashi uku cikin huɗu.

Wanda allura ta soka, abin yi shi ne ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana, kada ya tsotsa, ya sanar da shugabansa nan take. Akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake sha kwana 28, amma sai an fara shi cikin awa 72. Ma'aikacin wucin gadi da ke tsoron a ce ya yi sakaci yakan goge jinin a jikin rigarsa ya yi shiru, lokacin ya wuce.

Haɗarin bai tsaya a katangar asibiti ba. Ramin ƙona shara da ake haƙawa a bayan ɗakuna ba ya kai zafin digiri 850 da ake buƙata, don haka robobin da ke ci a ciki suna fitar da hayaƙi mai gubar dayoksin zuwa gidajen maƙwabta, allurai kuma su rage cikin toka. Abin da ya kai juji, 'yan jari bola ne ke tonawa, yara kuma su tsinci sirinji suna wasan fesa ruwa. A 1987 a garin Goyaniya na Burazil, masu tsintar ƙarafa suka ɗauko wata na'urar gashin ciwon daji daga asibitin da aka yi watsi da shi, suka fasa; mutum huɗu suka mutu. Mu a nan, ko kemis-kemis da ke yin allura a lungunan unguwa sun isa abin damuwa, domin tasu sharar kai tsaye bola take tafiya.

Sayen injin ƙona shara yana da daɗin kai wa gaban gwamna, amma ba shi ne farkon gyara ba. Shugabannin asibitoci su fara da masu shara: a yi musu bita da Hausa, da ledojin da akwatin a gabansu suna gani, a ba su takalmin roba da safar hannu mai kauri, kuma kada a miƙa wa kowa tsintsiya sai an yi masa allurar ciwon hanta.