Motoci Masu Ƙwanji: Shekara Goma Da Amurkawa Suka Kasa Mantawa

A watan Janairun 2020, a garin Kissimmee na jihar Florida, aka shigo da wata koriyar Ford Mustang ƙirar 1968 filin gwanjon kamfanin Mecum. Fentinta ya koɗe, tsatsa ta fara cin jikinta, ga lotsawa nan da can. Aka buga guduma a kan dala miliyan 3.4. Iyalin da suka sayar da ita sun saye ta ne a 1974, har uwargidan ta riƙa zuwa aiki da ita. Ita ce motar da jarumi Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt, inda ya yi tsere da wata baƙar Dodge Charger a kan tuddan San Francisco. A 1977 McQueen da kansa ya rubuto wasiƙa yana neman a sayar masa, maigidan ya ƙi.

Irin waɗannan motoci ne Amurkawa ke kira masu ƙwanji. Haɗinsu ba shi da wani sirri: matsakaicin bodi mai ƙofa biyu, a cusa masa ƙaton inji mai silinda takwas wanda asalinsa na manyan motoci ne, ƙarfin ya tafi ga tayoyin baya, sannan a sa farashin da saurayi mai aikin masana'anta zai iya biya. Masu tsananin kishin abin za su ce Mustang da Camaro ta Chevrolet wani aji ne daban, amma wannan gardamar tasu ce, kuma ba ta ƙarewa.

Yawancin masana suna ɗora mafarin labarin a kan wata dabara da aka yi a sashen Pontiac na kamfanin General Motors. A 1963 shugabannin kamfanin suka hana sassansu shiga tseren motoci, alhali Pontiac da tsere ta yi suna. Akwai kuma dokar cikin gida da ta ce kada matsakaiciyar mota ta ɗauki injin da ya wuce lita 5.4. Babban injiniyan Pontiac, John DeLorean, da abokan aikinsa suka lura cewa dokar ba ta ce komai ba game da ƙarin kayan da mai saye zai zaɓa da kansa. Sai suka ɗauko inji mai lita 6.4 da ƙarfin doki 325, suka sa a matsakaiciyar motarsu Tempest LeMans, suka ce ai ba sabuwar mota ba ce, zaɓi ne kawai na kusan dala 300. Suka aro suna daga wata motar tsere ta Ferrari, suka kira ta GTO. An yi tsammanin sayar da 5,000 a 1964. Aka sayar da fiye da 32,000. Daga nan aka sassauta dokar, kuma a 1966 cinikin ya kusa kai 97,000.

Lokaci ne ya yi musu daidai. Yaran da aka haifa da yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun fara kai shekarun karɓar lasisi. Galan ɗin fetur bai wuce kusan santi 30 ba. Gwamnati na shimfiɗa manyan tituna tun daga dokar 1956, masana'antu kuma na biyan albashi mai tsoka ga wanda ko jami'a bai je ba. Ford ta fito da Mustang ranar 17 ga Afrilun 1964 a kan dala 2,368, kafin shekara biyu ta sayar da miliyan ɗaya. Sauran kamfanoni suka shigo a guje.

Abin har ya koma gasar wauta, kuma a nan daɗin labarin yake. Plymouth ta biya kamfanin fim na Warner Brothers dala 50,000 don ta sa wa motarta sunan Road Runner, tsuntsun nan mai gudu na zanen barkwanci, har aka ƙera mata hon mai kwaikwayon kukansa. Cikinta fayau, babu wani ƙyale-ƙyale, duk kuɗin ya tafi ga inji. Dodge ta ɗora wa Charger Daytona dogon hanci da wani fiffike a baya mai tsayin da ya wuce rufin motar, don kawai ta ci tseren NASCAR, wanda ƙa'idarsa ta ce sai an sayar wa jama'a irin motar kafin ta shiga fili. A watan Maris na 1970 direba Buddy Baker ya haura kilomita 320 a sa'a da ita a filin tseren Talladega. 'Yar'uwarta Plymouth Superbird kuwa wasu sun daɗe a wurin dillalai babu mai taya su, saboda mutane na jin kunyar hawa. A wannan shekarar Chevrolet ta fitar da Chevelle SS mai lita 7.4 da ƙarfin doki 450. Launuka ma sai da suka haukace: shuɗi mai kashe ido, ruwan lemo, kore shar, har da ruwan hoda.

Da dare kuwa titin Woodward, wanda ya miƙe daga tsakiyar Detroit zuwa garin Pontiac, shi ne filin gwaji. Motoci biyu su tsaya a danja, direbobi su kalli juna, kowa ya taka totur yana jiran kore. Ma'aunin jarumta a lokacin shi ne rubu'in mil, wato kimanin mita 400, kuma motar da ta cinye shi cikin daƙiƙa 13 ko 14 ta gama magana.

Sai dai masoyan ba su cika son a tuna musu cewa motocin, in ban da gudu a miƙaƙƙiyar hanya, ba su iya komai ba. Da yawansu birkinsu na tsohon yayi ne, ya yi zafi ya saki. Tayoyin sirara, nauyin duk yana gaba, kwana kuwa sai da addu'a. Mai injin gaske da ƙyar lita ɗaya ta fetur ta kai ta kilomita biyar. Toyota Camry ta zamani mai silinda shida za ta iya barin da yawa daga cikinsu a baya, direbanta na shan iyakwandishan.

Faɗuwar ta zo da sauri. Kamfanonin inshora, da suka gaji da biyan diyyar haɗurran samari, suka tsawwala kuɗi, har wani ya iske abin da yake biyan inshora a wata na neman kamo abin da yake biya na bashin motar. Dokar tsaftace iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi, kamfanoni suka fara rage ƙarfin injuna don su dace da fetur marar dalma. Sannan a watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai saboda goyon bayanta ga Isra'ila. Farashin ganga ya tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12, layuka suka miƙe a gidajen mai, a 1974 aka ƙayyade gudu a faɗin ƙasar a kan mil 55 a sa'a. A shekarar aka daina GTO. Mustang ta 1974 ko injin silinda takwas ba ta da shi a kasuwar Amurka. Wannan tashin farashin dai shi ne ya cika baitulmalin Najeriya: lokacin da Amurkawa ke neman kai da manyan motocinsu a farashin banza, ma'aikata a Najeriya na karɓar ƙarin albashin Udoji, masana'antar Fijo ta Kaduna kuma ta fara aiki a 1975.

Shekara goma ke nan kacal. Begen da ya biyo baya ya ninka hakan sau biyar.

Wanda ya kasa sayen motar yana ɗan shekara 18, ko ya sayar da ita da aure ya zo da ɗawainiya, shi ne ya dawo da kuɗi a aljihu da furfura a ka yana nemanta ruwa a jallo. Tun 1995, duk Asabar ta uku ta watan Agusta, ana taron Woodward Dream Cruise a wancan titin. An fara shi ne don tara kuɗin filin ƙwallon yara a garin Ferndale, yanzu dubun-dubatar tsoffin motoci ke hallara, 'yan kallo kusan miliyan. Mutane su kafa kujeru a bakin titi tun safe, masu motoci su buɗe bonet, a tsaya ana leƙen kafireto ana musu a kan shekarar ƙira. Ba gudu ake yi ba, cunkoso ma ba zai bari ba. Rugugin salansa da ƙanshin ɗanyen fetur ake zuwa ji.

Kasuwar tana da nata tsauraran sharuɗɗa. Babbar tambaya ita ce ko lambar da ke jikin inji ta dace da lambar motar, wato ko shi ne injin da ta fito da shi daga masana'anta. Masu gyara kan zare kujerar baya a hankali suna neman wata 'yar takarda da ma'aikata kan cusa a cikin wayoyin kujerar a ranar haɗa motar, mai ɗauke da jerin duk abin da aka sa mata. Takardar da ɓera ya ci gefenta na iya ƙara dubban daloli. Dalili kuwa shi ne jabu ya yi yawa: ana iya ɗaukar LeMans ta talaka a manna mata tambarin GTO, kuma yau har sabon bodin Camaro na 1969 ana sayarwa. Abin da aka ƙi saye a da shi ya fi tsada yanzu. Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi, wadda ba a ƙera fiye da goma sha biyu ba saboda rashin masu so, an sayar da ɗaya dala miliyan 3.5 a Seattle a 2014.

Bege kuwa yana da zaɓe. Shekarun da ake wa kirari su ne shekarun da ake kwasar samari zuwa yaƙin Biyetnam, wasu suka bar mota a garejin gida ba su dawo ba. Su ne kuma shekarun da Detroit ta kama da wuta a Yulin 1967, mutum 43 suka mutu a tarzomar da ta samo asali daga yadda ake mu'amala da baƙaƙen fata. Birnin da ya ƙera motocin ya yi ta zubewa har ya ayyana fatara a 2013. Plymouth ta rufe a 2001, Pontiac a 2010.

Kamfanonin sun gane cewa kewa haja ce. Ford ta dawo da tsohuwar siffar Mustang a 2005, Dodge Challenger ta biyo a 2008, Camaro a 2010, kuma sababbin sun fi iyayensu ta kowace fuska: Challenger Hellcat ta 2015 ƙarfin doki 707 gare ta, ga birki na kirki. A Disambar 2023 aka daina ƙera Challenger da Camaro. Dodge ta fito da Charger mai lantarki, ta sanya mata na'urar da ke kwaikwayon rugugin inji, abin da tsoffin masoya suka karɓa da tsaki.

Masu sayen na asalin kuma suna tsufa, 'ya'yansu da jikokinsu da wasu motocin suka tashi. Wanda ya kalli fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 zai tuna baƙar Charger ta 1970 da Vin Diesel ya tuƙa, amma matasa da yawa hankalinsu ya fi tafiya ga Toyota Supra mai ruwan lemo ta Paul Walker. A 2021 an yi gwanjon wannan Supra a Las Vegas a kan dala 550,000, kuma tsoffin motocin Japan na shekarun 1990 yanzu suna samun wuri a filayen gwanjon da a da GTO da Chevelle suka mamaye.