Me Ya Sa Gajeren Horo Ba Ya Zama A Kan Masu Binciken Kimiyyar Halittu?

Na'urorin karanta ƙwayoyin gado na zamani suna fitar da bayanai masu yawan da ba a iya tantance su sai da kwamfuta, alhali da yawa daga masu binciken kimiyyar halittu sun kammala karatu ba tare da an koya musu rubuta manhaja ko ƙididdiga mai zurfi ba. Hanyar da aka saba bi wajen cike wannan giɓi ita ce taron bita na 'yan kwanaki. Jami'o'i da masu ba da tallafi suna zuba kuɗi a kai, mahalarta su karɓi takardar shaida su watse. Abin da aka daɗe ba a tambaya ba shi ne ko ilimin yana bin su gida.

A shekarar 2017, David Feldon da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar PNAS, inda suka bibiyi ɗaliban digirin digirgir 294 daga jami'o'i 53 na Amurka. Da suka kwatanta waɗanda suka halarci irin wannan horo da waɗanda ba su halarta ba, ba su ga wani bambancin a zo a gani ba, ko a ƙwarewar bincike ko a yawan abin da suka wallafa.

Sakamakon bai zo wa masana koyo da koyarwa da mamaki ba. Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa abin da aka cusa wa ƙwaƙwalwa a zama ɗaya saurin gushewa yake yi, wanda aka rarraba ana maimaitawa kuwa ya fi zama. Ga kuma matsalar masu koyarwa: galibinsu ƙwararru ne a fagen bincike, amma ba su taɓa koyon dabarun koyarwa ba. Awon nasara ma yakan tsaya ne a takardar da ake rabawa ranar rufewa, ana tambayar ko mahalarta sun gamsu.

A 2022, Jason Williams na cibiyar Cold Spring Harbor da Rochelle Tractenberg ta Jami'ar Georgetown suka jagoranci taron masana daga ƙasashe daban-daban a Cibiyar Banbury da ke jihar New York. Matsayar taron ta fito a mujallar PLOS ONE a 2023, ɗauke da shawarwari 14 da wasu ƙa'idoji da suka laƙaba wa sunan keke, domin ƙafa biyu gare su. Ƙafar farko ta shafi horon kansa: a gina shi kan hujjar yadda mutum ke koyo, a auna ko an koya, a buɗe ƙofa ga kowa har da masu buƙata ta musamman, sannan a bar mahalarci da hanyar ci gaba da koyo shi kaɗai. Ta biyu ta shafi yaɗa horon ga jama'a masu yawa da ɗorewarsa bayan tallafi ya ƙare.

Akwai waɗanda suka riga suka kama wannan hanya. Ƙungiyar The Carpentries tana horar da malamanta kan koyarwa kafin ta ba su aji, kuma malami yana rubuta umarnin kwamfuta ne a gaban ɗalibai suna bin sa, har kurakuransa suna gani. A Afirka, haɗakar H3ABioNet ta fara wani kwas a 2016 wanda ta shimfiɗa cikin watanni: ana gabatar da darasi ta intanet, ɗalibai kuma suna taruwa a azuzuwa a ƙasashensu tare da mataimakan malamai.

Ga mai shirin biyan kuɗin bita ko tura ma'aikatansa, tambayoyi uku sun isa a tace: me mahalarci zai iya yi da hannunsa idan an tashi, ta yaya za a gwada hakan, kuma wa zai tuntuɓa idan ya koma ɗakin gwajinsa aikin ya cije?