Kafin ka ba magini gyaran gidan da ruwa ya ɓata

Kudancin Kano, musamman Doguwa da Tudun Wada, ya fi sauran sassan jihar samun ruwan sama. Ƙoramun Kiru da na Bebeji, inda madatsar Tiga take tun 1974, sukan cika su tumbatsa a watan Agusta. Idan ruwa ya zubar maka da katanga ko ya jiƙe ɗaki, kada gaggawa ta sa ka ba da aiki da fatar baki.

Jinga ko kwangila?

A jinga, kai ke sayen siminti, bulo da yashi, magini ya karɓi kuɗin hannunsa kawai. A kwangila kuwa, ku yanke farashi ɗaya shi ya kawo komai. Jinga ta fi sauƙin kuɗi, amma sai kana tsaye a wurin.

Me za a rubuta?

Takarda ɗaya ta isa, ko da Hausa, ko da ajami. A ambaci bangon da za a rushe da wanda za a yaɓe, yawan buhunan siminti, ranar gamawa, da wanda zai ɗauki ƙarin idan kaya suka yi tsada. Ku sa hannu gaban shaidu biyu. Za ka ce ai maginin ɗan unguwa ne, rubutu kamar rashin yarda ne. A'a, shi ma takardar tana kare masa haƙƙinsa.

Abin da aka fi mantawa shi ne hanyar da ruwan ya bi ya shigo. A sa gyaran magudana, indararo da cikon gindin gini a cikin aikin. A kuma yarda cewa ba za a yi filasta ba sai bango ya bushe. Jiƙaƙƙen bango in aka rufe shi, ba a jimawa sai ka ga farin gishiri ya feso, fenti yana ɓarewa, ɗaki yana warin danshi.

Yaya ake biya?

Kashi-kashi. Ka ba da kafin alƙalami, wato kuɗin soma aiki, sannan wani kaso idan gini ya tashi. Ka riƙe ragowar har ka duba aikin da idonka. Idan gidan haya ne, kada ka taɓa komai sai mai gida ya amince a rubuce cewa zai cire kuɗin daga haya.

Idan aka saɓa fa?

Fara da shaidunku, sannan mai unguwa ko dagaci. In sulhu ya faskara, sai kotu, kuma takardar nan da hotunan ɓarnar da ka ɗauka a waya kafin a fara aiki su ne hujjarka.