Ƙarfen da Yaƙi Ya Bari a Ƙasar Okinawa

A tsibirin Okinawa da ke kudancin Japan, kafin a haƙa ramin aikin gwamnati, ko titi ne ko makaranta ko magudanar ruwa, sai masu na'urar maganaɗisu sun zo sun bi filin taku-taku. Abin da suke nema shi ne bama-bamai da harsasan igwa da suke kwance a ƙasa tun 1945. Kuma suna samu. Sojojin Japan masu kwance bam suna fita sau ɗaruruwa kowace shekara a wannan tsibiri kaɗai, har sanarwar cewa za a rufe hanya, mutanen unguwa su fice na 'yan sa'o'i, ta zama abin da aka saba ji.

A Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka sun sauka a babban tsibirin ranar 1 ga Afrilu, 1945, aka yi ta ɗauki-ba-daɗi har zuwa ƙarshen Yuni. Kwamandan Japan, Janar Ushijima Mitsuru, bai tare su a bakin ruwa ba. Ya tara rundunarsa a kudu, cikin kogunan duwatsu da ramukan da aka haƙa, hedikwatarsa ma tana ƙarƙashin fadar Shuri ta tsoffin sarakunan Ryukyu. Amurkawa kuwa suka mayar da martani da abin da suka fi yawa da shi, wato wuta: igwa daga tudu, igwa daga jiragen ruwa, bam daga sama, da tankokin Sherman masu feshin wuta da ake turawa bakin kogo. Mutum kusan 200,000 suka mutu. Kimanin 94,000 daga cikinsu fararen hula ne, sojojin Amurka kuma wajen 12,500. Janar Simon Buckner na Amurka ya mutu ranar 18 ga Yuni, Ushijima ya kashe kansa 'yan kwanaki bayan haka.

Hukumomin Okinawa sun ƙiyasta cewa an zuba wa tsibirin makamai tan 200,000, kuma kashi biyar cikin ɗari, wato tan 10,000, ba su tashi ba. Kafin Amurka ta mayar wa Japan da tsibirin a 1972, sojojin Amurka da mutanen gari sun kwashe fiye da rabi. An ci gaba da kwasa tun daga lokacin, amma har yanzu ana lissafin saura tan 1,800 da wani abu. A yadda aikin ke tafiya, ana maganar shekara saba'in zuwa ɗari kafin a gama.

Me ke hana bam tashi? Garin da ke cikin babban bam ba ya fashewa don kawai an buga shi da ƙasa. Da gangan aka yi shi haka, don a iya ɗora shi a mota da jirgi ba tare da ya hallaka masu ɗauka ba. Akwai wani ɗan makunni da ake ɗaura masa a baki ko a gindi, mai ɗauke da sinadari kaɗan mai saurin fushi. Shi ne ke fara tashi, sannan ya tayar da sauran. Shi kansa makunnin a kulle yake har sai an harba. A bam ɗin jirgi, wata 'yar farfela ce iska ke juyawa ta buɗe shi, a harsashin igwa kuma ƙarfin harbi da juyin harsashin ne. In jirgi ya saki bam yana ƙasa-ƙasa, farfelar ba ta gama juyawa ba. In harsashi ya faɗi a karkace, bakinsa bai daki komai ba. Ga kuma damina: a ƙarshen Mayun 1945 ruwa ya yi ta sauka har fagen fama ya zama taɓo, kuma taɓo yana haɗiye harsashi a hankali ba tare da bugun da makunni ke jira ba.

Matsalar ita ce shekaru ba sa kashe abin da ke ciki. Sinadarin TNT yana iya shekara da shekaru a rufe bai lalace ba. Abin da ke lalacewa shi ne ƙarfen da ke riƙe da makunni a kulle, domin tsatsa na cin sa. Makaman Japan suna da tasu illar daban: da yawa an cika su da sinadarin pikirik, wanda in ya daɗe yana taɓa ƙarfe yakan haifar da wani gishiri da ɗan gogayya kaɗan ya isa ya tayar. Don haka tsohon bam ya fi sabo wuyar sha'ani.

Mutanen Naha, babban birnin Okinawa, sun ga haka ranar 2 ga Maris, 1974. Ana aikin magudanar ruwa a unguwar Oroku, kusa da wata makarantar ƙananan yara, sai ƙarfen da ake kafawa ya daki nakiyar da sojojin Japan suka binne. Mutum huɗu suka mutu, har da ƙaramar yarinya, 34 suka ji rauni. A shekarar ne aka kafa rundunar kwance bam ta musamman a tsibirin. A Janairun 2009 motar haƙa ƙasa ta taɓa bam ɗin Amurka a garin Itoman, direban ya ji mummunan rauni, tagogin gidan tsofaffi da ke kusa suka tarwatse. Daga nan aka ƙara tsananta binciken maganaɗisu. Su kansu masu aikin ba su tsira ba: a Yunin 2025 wani harsashi ya tashi a ma'ajiya ana kankare masa tsatsa, sojoji huɗu suka ji rauni.

Aikin kwancewa kuwa kusan da hannu ake yi. Ana kewaye bam ɗin da katangar ƙarfe mai zagaye, a tula ƙasa a bayanta, a kwashe mutanen da ke kusa. Sai 'yan ƙalilan su shiga su cire makunnin ko su lalata shi, sannan a ɗauke gangar jikin a kai inda za a tarwatsa ta.

A ganina, wanda ke son sanin tarihin wannan ƙarfe ya fi kyau ya dubi abin da talakawan Okinawa suka yi da shi, domin ya fi bindigogin da ke jere a gidan tarihi ba da labari. Sun fito daga koguna ba gida, ba gona, ba tukunya. Suka narka alminiyom na jiragen da suka faɗo suka zuba tukwane da butoci. Kwalaben lemo da sojojin Amurka suka yar, aka yanke su aka yi kofuna, daga baya masu hura gilashi suka riƙa narka su, sana'ar da ta bunƙasa har yau. A sansanonin da aka tsare mutane, suka ɗauki gwangwanin abinci, da itacen gadon soja, da igiyar lemar sauka daga jirgi, suka haɗa sanshin, abin kiɗansu mai tsirkiya uku kamar molo. A shekarun 1950, lokacin da farashin ƙarfe ya tashi, jari-bola ta zama babbar sana'a a tsibirin, manya da yara suna tonon ƙarfe da tagulla ana lodawa zuwa Japan. Mutane da dama sun mutu wajen fasa harsashi don cire tagullarsa. Wannan ba baƙon labari ba ne ga wanda ya san abin da ragowar makamai ke yi wa yara da masu tsintar ƙarfe a ƙauyukan Barno da Yobe.

Wani kason kayan ya ƙetare teku a jakunkunan sojojin Amurka: takubba, bindigogin Arisaka, ɗamarar da mata dubu suka sa wa ɗinki ɗaya-ɗaya don kariya, da tutocin da dangi da maƙwabta suka rubuta wa soja sunayensu kafin ya tafi. Yau jikoki ke samun su a akwatin kaka, wasu su sayar wa masu tara kayan yaƙi. Wata ƙungiya a jihar Oregon, Obon Society, tana karɓar tutocin ta bi sunayen da ke jiki har ta gano dangin mamacin. Ga iyalin da ba a kawo musu ko ƙashi ɗaya ba, wannan ƙyalle shi ne gawar. Wasu kayan kuma suna ƙarƙashin ruwa, kamar jirgin yaƙin Amurka Emmons da jiragen ƙunar baƙin wake suka ragargaza a Afrilun 1945, wanda ke kwance kusa da tsibirin Kouri a zurfin mita arba'in, masu nutso suna kai masa ziyara.

Akwai abin da na'urar maganaɗisu ba ta gani, shi ne ƙashi. Gushiken Takamatsu, wani ɗan sa-kai, ya shafe shekaru fiye da arba'in yana shiga kogunan kudu yana tono ƙasusuwa, sau da yawa haɗe da maɓalli, ko ƙwanon abinci, ko gurnetin da ba a jefa ba. A 2021 ya yi yajin cin abinci saboda shirin gwamnatin Japan na yiwuwar ɗebo ƙasa daga wannan yanki na kudu a cike teku da ita a Henoko, inda ake gina sabon sansanin sojojin Amurka. Hujjarsa ita ce ƙasusuwan sun riga sun farfashe sun gauraye da tsakuwar farar ƙasa, ba mai iya tsince su kafin a loda a tifa. Majalisar Okinawa ta goyi bayan wannan ƙorafi a shekarar. Tsibirin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin Japan ba, amma kimanin kashi 70 cikin ɗari na filayen da aka keɓe wa sojojin Amurka a ƙasar suna cikinsa, kuma aikin Henoko yana ci gaba.