Liverpool: Bunƙasa da Koma-bayan Birnin Tashar Jiragen Ruwa

Birnin Liverpool yana bakin kogin Mersey ne, a arewa maso yammacin Ingila. Sarki John ya ba shi matsayin gari a 1207, amma bai bunƙasa ba sai bayan 1715, lokacin da aka gina masa matsayar jirage mai ƙofofi da ke riƙe ruwa ko da teku ta janye. Hakan ya sa ana iya lodi da sauke kaya dare da rana.

Kaso mai yawa na dukiyar birnin daga cinikin bayi ya samo asali, domin a ƙarshen ƙarni na 18 babu tashar Birtaniya da ta kai ta aika jirage gaɓar Afirka. Da aka haramta cinikin a 1807, fatake suka karkata ga manjan Afirka ta Yamma da audugar Amurka, wadda layin dogo na 1830 ya riƙa kaiwa masaƙun Manchester.

Teku ta kawo baƙi daga Ayalan da Sin da Afirka, har Abdullah Quilliam ya buɗe masallaci a 1889. Daga wannan cakuɗar al'adu mawaƙan Beatles suka fito a 1960.

Zuwan manyan akwatunan kaya ya rage buƙatar 'yan dako, aka rufe tashoshin kudu a 1972, dubbai suka rasa abin yi. A yau tsofaffin rumbunan Albert Dock sun zama gidajen tarihi, ciki har da na cinikin bayi da aka buɗe a 2007.