Manhajar Windows a kan Linux: abin da ake dubawa idan ta ƙi girkuwa

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10. Da yawa daga cikin tsofaffin laftof da ake saya a Titin Beirut a Kano ba za su ɗauki Windows 11 ba, domin tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesa na baya-bayan nan. Shi ya sa wasu masu gyara ke ɗora wa mutane Linux Mint ko Ubuntu. Kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma tsohuwar kwamfuta tana samun sa'ida da ita. Rigimar tana tasowa ne ranar da aka nemi wata manhaja da aka rubuta don Windows kaɗai.

A yankinmu misalin ba shi da nisa. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke bin magudanai ya shayar da shinkafa da alkama da tumatir a Kura da Bunkure da Kadawa. Ɗalibin da ya fito daga Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Kudu ya tafi karatun noma a Wudil ko a Jami'ar Bayero, da wuya ya gama bai ci karo da CROPWAT 8.0 ba. Manhajar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce. A ba ta zafi da iska da ruwan sama da irin ƙasa da irin shuka, ta lissafa yawan ruwan da gona ke buƙata da ranakun da ya kamata a yi ban-ruwa. Ba a biyan ko kwabo, amma don Windows aka yi ta.

Nan ne Wine ke shigowa. An fara aikinsa a 1993, Alexandre Julliard ya karɓi jagorancinsa a 1994, sigar 1.0 ba ta fito ba sai 2008. Babu Windows a cikinsa ko kaɗan, tafinta ne kawai. Manhaja ta ce "buɗe mini taga" ko "karanta mini wannan fayil" da harshen Windows, shi kuma ya faɗa wa Linux da nata harshen. Duk lokacin da girkawa ta tsaya, to akwai buƙatar da manhajar ta gabatar ba a amsa mata ba, aikin mai gyara kuma shi ne ya gano wacce ce. Abin da aka fi yi, wato a goge a sake girkawa har dare ya raba, ɓata caji ne kawai.

Kafin a ƙona data, a leƙa rumbun AppDB na WineHQ, inda masu amfani ke bai wa kowace manhaja daraja daga Platinum zuwa Garbage. Wadda aka bai wa ta ƙarshen, a haƙura da ita.

Idan an danna fayil ɗin girkawa shiru, ba taga ba gargaɗi, kada a ƙara dannawa. A buɗe tagar umarni, a shiga foldar da fayil ɗin yake, a rubuta wine sannan sunansa. Rubutu zai yi ta kwarara a kan allo, a nan ne mutane ke tsorata su rufe. Layukan da suka fara da fixme yawanci ba komai ba ne, masu Wine ne ke tuna wa kansu aikin da ba su ƙarasa ba. Waɗanda suka fara da err su ne abin karantawa. Idan layi ya ce ba a ga wani fayil mai ƙarewa da .dll ba, misali MFC42.DLL, an kama ɓarawo: wani yanki ne da manhajar ta saba tararwa a Windows. Da wata manhaja mai suna winetricks ake sauke irin waɗannan, mfc42 ko vb6run ko ɗaya daga cikin dangin vcrun. Idan kuma taga ta buɗe amma haruffa sun hau kan juna, corefonts ne ya yi saura. A ɗora ɗaya, a gwada, sannan na gaba. Mai zuba guda goma a lokaci ɗaya ba zai san wanda ya gyara ba, balle wanda ya ɓata.

Tsofaffin manhajoji kusan duk na 32-bit ne, Linux ɗin yau kuwa 64-bit. Idan Wine ya yi kukan rashin wine32, a Ubuntu da Mint ana buɗe masa hanya da umarnin sudo dpkg --add-architecture i386, a sabunta jerin manhajoji, sannan a girka sashen da ya rasa.

Sai batun ɗaki. Wine yana ƙirƙirar wata ɓoyayyar folda mai suna .wine, a ciki akwai faifan C: na jeka-na-yi-ka da rajista. Girkawar da ta lalace tana barin tarkacenta a can, ta ɓata wa ta gaba. Gara kowace manhaja ta sami nata wurin: a rubuta WINEPREFIX=~/cropwat winecfg, sabon wuri zai samu, a nan ma ake zaɓar sigar Windows da za a nuna wa manhajar, ko 7 ko XP. Amma duk umarnin da zai biyo baya sai an sa masa wannan WINEPREFIX ɗin a gaba, in ba haka ba Wine ya koma tsohon wuri. Wanda baƙin allo ke ɗaga wa hankali ya nemi Bottles, tana yin wannan da maɓallai.

Akwai abu biyu da suka fi shafar mu. Tsohuwar manhaja tana iya rikicewa da sunan folda mai ƙ ko ɗ ko ɓ, don haka wurin ajiyar bayanan yanayi ya zama da haruffa marasa lanƙwasa. Na biyu ya fi haɗari, ga 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram musamman: kwamfutar da aka saita da Faransanci tana rubuta 32,5 inda fayil ɗin ke da 32.5. Manhaja na iya ƙin karanta lambar, ko ta karanta ta ba daidai ba, ba tare da ta ce uffan ba. Saboda haka ba na yarda da sakamako don kawai taga ta buɗe. A kai bayanan nan kwamfutar wani mai Windows, a lissafa, a kwatanta. Kuskure a jadawalin ban-ruwa taki ne da man injin da manomi ya saya da kuɗinsa.

Masu cewa Linux ba ya kama bairos su yi hattara. Wine yana fassara wa mugun fayil kamar yadda yake fassara wa na kirki, kuma faifan Z: da ke cikinsa yana kaiwa ga duk fayilolin mai kwamfuta. Filashin da ya zaga shagunan buga takardu ba wurin ɗauko manhaja ba ne, a sauke daga shafin masu ita. Kada kuma a taɓa kunna Wine da sudo.

Inda tafintan ke gazawa shi ne direbobin na'ura. Na'urar ɗaukar zanen yatsa ta masu rajista, da makullin USB na manhajoji masu lasisi, da direban firinta na Windows, galibi ba sa aiki ta wannan hanya. Mai irin wannan sana'a ya girka Windows a cikin manhajar VirtualBox idan kwamfutarsa tana da RAM da ya kai gigabayit 8, ko ya raba faifan gida biyu ya bar wa Windows ɓangare ɗaya.