Darasin Rawa da Wasan Kwaikwayo ga Ɗaliban Wasu Fannoni a Jami'o'in Gana

Tsarin karatun jami'a a Gana yana ba ɗalibi dama, wani lokaci ma yana wajabta masa, ya ɗauki darasi a wajen fannin da ya shiga karantawa. Cikin irin waɗannan darussa akwai na rawa da na wasan kwaikwayo. Mai karatun shari'a ko tattalin arziki ko aikin gona yakan yi zangon karatu guda yana zuwa zauren rawa, ya rubuta jarabawa, makin da ya samu ya shiga sakamakonsa kamar na kowane darasi. Ba zai fita da digirin wasan kwaikwayo ba, kuma galibi ba ya da niyyar mai da abin sana'a. Matasan Salaga da Yendi da Bawku da ke samun gurbi a Legon ko Cape Coast ko Winneba sukan tarar da wannan zaɓi a gabansu ba tare da an taɓa yi musu bayaninsa a gida ba, da yawansu kuma sukan kauce masa tun kafin su san abin da ke ciki.

A Jami'ar Gana da ke Legon hanyoyi biyu ne suka fi kai ɗalibin wani fanni ga waɗannan darussa. Ta farko ita ce darasin nazarin Afirka da aka wajabta wa masu digirin farko. Bayan laccocin gama-gari, ɗalibi yakan zaɓi reshe ɗaya: rawa, ko wasan kwaikwayo, ko kiɗa, ko sarautun gargajiya, ko wani harshen ƙasa irin su Dagbani da Twi da Ewe. Ta biyu ta shafi masu digirin fannonin adabi da zamantakewa, waɗanda ke fara shekarar farko da haɗin darussa uku kafin su rage daga baya. A cikin haɗin ana iya samun kimiyyar siyasa ko tarihi tare da wasan kwaikwayo. Jami'ar Cape Coast tana da sashen kiɗa da rawa da kuma na wasan kwaikwayo da fim, Jami'ar Ilimi ta Winneba ma tana da nata sashen.

Asalin wannan tsari yana komawa ga shekarun farko na 'yancin kai. An kafa Cibiyar Nazarin Afirka a Legon a 1961, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a hukumance a watan Oktoba na 1963. A 1962 aka buɗe makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo a ƙarƙashinta, kuma a shekarar ne J. H. Kwabena Nketia, masanin kiɗa, da Albert Mawere Opoku, masanin rawa, suka kafa ƙungiyar rawa ta ƙasa. Manufar a bayyane take: jami'ar da aka gina kan tsarin Ingila tana yaye mutanen da suka san tarihin Turai fiye da na garuruwansu, ana so a gyara wannan. Abin da ya kamata mutumin Salaga ya sani shi ne, wannan cibiya ɗin ce ta bi garuruwan arewa tana tattara rubuce-rubucen malamai na Larabci da na ajami, ciki har da na Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga har yaƙin 1892 ya watsa garin, ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934. Waɗanda suka tsara cibiyar sun ɗauki littafin malami da gangar makaɗi duka a matsayin ma'ajiyar tarihin jama'a, suka ajiye su a ƙarƙashin rufi ɗaya.

A ɓangaren wasan kwaikwayo sunan Efua Sutherland ne kan gaba. Ita ce ta kafa gidan wasa na gwaji a Akra, wanda aka rushe don gina babban gidan wasan ƙasa da aka buɗe a 1992, aka sake gina irinsa a harabar Legon da sunanta. Ta ɗauko tatsuniyoyin Ananse, wato gizo-gizon da ke daidai da Gizo a tatsuniyar Hausa, ta mai da su wasan dandamali mai haɗa magana da waƙa da shigar 'yan kallo. Bayanta Mohammed ben Abdallah, haifaffen Kumasi, ya faɗaɗa wannan salo da wasanninsa. Waɗannan ne ayyukan da ɗalibin da ya shigo daga wani sashe yakan fara karantawa.

Ajin rawa ba ya kama da sauran azuzuwa. Babu kujeru. Ana shiga ba takalmi, a ɗaura zane ko a sa wando mai sauƙin motsi, makaɗa suna zaune a gefe da gangunansu. Malami yakan fara da motsa jiki, sannan ya sa a saurari ƙararrawar ƙarfe, domin a kiɗan Ewe ita ce ke riƙe da lokaci, duk sauran ganguna a kanta suke hawa. Sabon shiga yakan so ya ƙirga ɗaya, biyu, uku da baki, malami kuwa yana so kunne ya kama bugun, ƙafa ta bi. Makonnin farko sukan ƙare a kan abu biyu: sassauta gwiwa da raba motsin kafaɗa da na ƙugu. Cinya da baya sukan yi tsami. Daga nan ake shiga raye-rayen kansu, irin su Agbadza ta Ewe mai motsa kafaɗa da ƙirji, da Adowa ta Akan wadda hannuwa ke isar da saƙo a cikinta, da Kpanlogo ta matasan Ga, da Bamaaya da Takai na Dagomba. Kowace rawa tana zuwa da bayanin masu ita, da lokacin da ake yin ta, da tufafinta, da sunayen gangunanta, kuma wannan ɓangare ne ke fitowa a rubutacciyar jarabawa.

A nan ɗalibin arewa yake da jarin da bai cika sanin darajarsa ba. Wanda ya tashi a Yendi ya ga Takai tun yana yaro: maza cikin manyan riguna na saƙi sun yi da'ira, kowa da gajeren sandan ƙarfe a hannu, ya buga da na gabansa, ya juya rigar ta buɗe kamar lema, ya buga da na bayansa, gangunan lunga da gungon suna ba da umarnin sauya taku. Ya san cewa a bikin Damba, wanda ke faɗowa a watan Maulidi, mai rawa yakan fito shi kaɗai makaɗa su bi shi da takensa, 'yan uwa suna liƙa masa kuɗi. Ya san lunsi, makaɗan gado na Dagbon, ƙasar Dagomba, su ne ke riƙe da jerin sarakuna, suna rera tarihin masarauta a ƙofar fada lokacin bukukuwan salla. Na Salaga ya ga Dambar Gonjawa a Kpembe, na Bawku ya san bikin Samanpiid na Kusasi da kiɗan goge. Abokan ajinsa na kudu suna haddace waɗannan daga takarda.

Irin wannan ɗalibi ne kuma zai fi saurin lura da cewa rawar aji ta bambanta da ta gida. Opoku da waɗanda suka biyo bayansa sun sake tsara raye-rayen don dandamali: abin da ake kwana ana yi aka taƙaita shi zuwa 'yan mintuna, da'irar da ke rufe aka buɗe ta don 'yan kallo su ga fuskoki, aka ƙayyade wurin shiga da na fita. An samu riba, domin ta haka rawar Dagomba ta isa Akra da ƙasashen waje. An kuma yi asara, domin rawar da aka raba da fada da dangi da dalilin taron ta rasa wani abu nata. Wannan muhawara tana cikin abin da ake tattaunawa a aji, kuma wanda ya ga asalin abin da idonsa ya fi kowa cancantar yin magana. Abin lura ne cewa Amurkawa sun daɗe da gane darajar wannan ilimi. John Chernoff ya zauna da makaɗan Tamale kafin ya fitar da littafinsa a 1979, David Locke na Jami'ar Tufts kuma ya yi shekaru yana aiki da makaɗi Abubakari Lunna, ɗalibansa na fannoni daban-daban suna koyon kiɗan Dagomba.

Ajin wasan kwaikwayo ya fi natsuwa amma ya fi cin lokaci. Ana koyon fitar da murya daga ciki yadda na kujerar ƙarshe zai ji ba tare da an yi ihu ba, da tsayuwa yadda ba a juya wa 'yan kallo baya, da sauraron abokin wasa maimakon jiran layin kai. Ba kowa ke hawa dandamali ba. Wani yana kan fitilu, wani kan tufafi, wani yana riƙe da littafin da aka rubuta shigar kowa da fitarsa. 

Ƙyamar da ake yi wa waɗannan darussa iri biyu ce. Akwai ta 'yan boko: tun shekarun farko ɗaliban Legon suka laƙaba wa fannin sunan ba'a da suka ciro daga dondo, kalangun Akan, suna nufin karatun waɗanda suka rasa abin yi ne. Akwai kuma ta gida, wadda ta fi nauyi ga ɗan zango. A al'adar Hausa kiɗa da roƙo sana'ar gado ce, kuma iyaye ba su tura ɗa jami'a don ya dawo yana rawa ba. Ga batun addini: cakuɗuwar maza da mata, da tufafin wasu raye-raye, da kuma raye-rayen da asalinsu na bautar gargajiya ne. Waɗannan damuwa ce ta gaskiya, bai dace a yi musu kallon ƙauyanci ba. Tsarin da kansa ya bar ƙofa, tunda wanda zuciyarsa ba ta kwanta da rawa ba yana iya ɗaukar wasan kwaikwayo ko harshe ko sarautu. Wanda ya zaɓi rawa kuwa yana da haƙƙin tambayar malami tun ranar farko waɗanne raye-raye za a koya, da irin suturar da aka yarda da ita, musamman ga mace mai hijabi. Shi wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Tashe na watan azumi wasa ne mai gyaran hali, Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni don faɗakarwa, Shu'aibu Maƙarfi ya yi na rediyo da aka buga littattafai, Usman Baba Pategi kuma tsohon soja ne kafin duniya ta san shi da Samanja.

Amfanin darasin ya fi fitowa fili ga waɗanda aikinsu zai mai da su cikin jama'a, kuma Zariya misali ce mai kyau. A Jami'ar Ahmadu Bello, inda Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a 1975 a wani gidan wasa da aka gina da ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe, malamai da ɗalibai sun fitar da wasa daga harabar jami'a zuwa Samaru da ƙauyuka, kamar Wasan Manoma da aka yi a Soba a 1977. Yadda ake yi shi ne, ɗalibai su shiga gari su zauna da mutane su ji abin da ke damunsu, ko taki ne ko ruwan sha ko rikicin gona. Sai su gina gajeren labari a kai, su yi shi a dandali da harshen garin. Idan labari ya kai inda ya ƙulle sai a tsaya a tambayi jama'a abin da ya kamata wane ya yi, wani daga cikin 'yan kallo ma ya shigo ya gwada tasa dabarar. Manomin da ba zai buɗe baki gaban jami'in gwamnati ba yakan faɗi ra'ayinsa a kan mutumin cikin wasa, alhali maganar kansa yake yi. Ma'aikaciyar jinya da za ta yi bayanin rigakafi a ƙauyukan Gonja ta Gabas, da malamin gona a karkarar Bawku, da malamin firamare mai yara masu harsuna uku a aji ɗaya, duk suna bukatar wannan dabara, kuma ba safai ake koyar da ita a sassansu ba. Jami'ar Nazarin Ci Gaba da aka kafa a Tamale a 1992 tana tura ɗalibanta su zauna makonni a ƙauyuka a zango na uku na shekara, wanda ya taɓa tsayawa gaban taro ya riƙe hankalinsu yakan fi samun sauƙin wannan aiki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar darasin don neman maki cikin sauƙi. Awannin da ke rubuce a jadawali kaɗan ne daga abin da ake kashewa, domin gwajin wasa yakan koma yamma da dare da ƙarshen mako, kuma ya fi tsananta daidai lokacin da sauran jarabawa ke ƙaratowa. Idan zangon ya haɗu da azumi, awa biyu na rawa da rana ba ƙaramin aiki ba ne, gara a nemi rukunin da ke gwaji bayan shan ruwa. Maki yakan rabu tsakanin halartar aji, da jarabawar aiki gaban malamai, da rubutu kan tarihi da ma'anar abin da aka koya. Halarta tana da nauyi fiye da a sauran darussa saboda aikin na rukuni ne: wanda ya yi fashin lacca yana iya aron littafin abokinsa ya kwafa, amma idan mutum ɗaya bai zo gwajin Takai ba, na gabansa da na bayansa ba su da wanda za su buga sanda da shi, ranar jarabawa kuma kuskuren yakan shafi makin su ukun.